Littafin Hotuna na PECS: Ya Iya Koyar da Roƙo, Kalmomi Kuwa Sai an Ƙara da Wani Aiki

Kayan PECS (Picture Exchange Communication System), wato tsarin koya wa yaron da bai da magana ya miƙa katin hoto don neman abin da yake so, ba su da wani abin burgewa a ido. Littafi ne mai bangon roba, da zobba a gindi kamar fayil ɗin ofis, an manna masa layukan Velcro a waje da cikin shafuka. Velcro shi ne maɗaurin nan da ake sa wa takalman yara a maimakon igiya. Sai ƙananan katunan hoto, kowanne kamar santimita 5 tsawo da faɗi, sai wani ɗan falle mai cirewa a ƙasan bango da ake jera jimla a kansa, sai igiyar ratayawa. Andy Bondy da Lori Frost ne suka tsara shi a 1985 a shirin kula da yara masu lalurar otizim, wadda kafafen labarai kan kira galahanga, na jihar Delaware a Amurka. Kamfaninsu, Pyramid Educational Consultants, shi ke sayar da littafin da katunan da horon kwana biyu na masu fara koyon tsarin.

Iyaye da malamai sukan saye shi da fatan yaro zai fara magana. Hukuncinmu a kansa shi ne: wajen koya wa yaron da bai da magana yadda zai tunkari mutum ya nemi abin da yake so, da wuya a sami tsarin da ya kai shi tsafta. Wajen cusa sababbin kalmomi a kan yaro kuwa, littafin rabin aiki yake yi, sauran rabin yana bakin babban da ke karɓar katin. Kuma abin da ya cancanci kuɗi a ciki shi ne tsarin koyarwar, ba robar ba.

Abin da ke hana kalma zama

Yaron da ba shi da wata lalura yakan kama sabuwar kalma daga ji ɗaya ko biyu, ko da kamun bai yi ƙarfi ba. Susan Carey da Elsa Bartlett sun nuna haka a 1978 da yara 'yan shekara uku, ta hanyar jefa musu baƙon sunan launi a cikin zance. Yana iya hakan ne saboda yana bin idon mai magana. Idan uwa ta ce "ludayi" tana kallon ludayi, sai ya ɗaga kai ya ga inda take kallo, ya haɗa sunan da abin.

Nan ne yara da yawa masu otizim ke samun cikas. A gwajin da Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa suka wallafa a 1997, an ba yaro wani baƙon abu ya riƙe, babba kuma ya kalli wani abin daban ya ambaci suna. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na masu otizim ne suka ɗora sunan a kan abin da babban ke kallo. Akasarinsu sun ɗora shi a kan abin da ke hannunsu. Wato idan yaro yana juya murfin kwalba, uwa ta nuna akuya ta ce "akuya", mai yiwuwa ne a wurinsa murfin ya zama akuya. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba duka ne haka ba, waɗanda suka ɗan yi nisa a harshe sukan bi ido, amma ga ƙananan da ba su fara magana ba matsalar tana nan.

Yara masu matsalar harshe zalla, waɗanda jinsu lafiya lau kuma ba su da otizim, nasu daban ne. Kusan yara 7 cikin 100 ne a ƙididdigar Amurka da ta Ingila. Su suna bin ido, amma kalmar ba ta zama da wuri, musamman sautukanta. Yau ya sani, gobe ta gudu.

Ƙarfin PECS yana kan matsala ta farko. A lokacin da yaro ya miƙa katin ƙosai, babu shakka a kan inda hankalinsa yake: yana kan ƙosai. Idan a wannan daƙiƙa aka ce "ƙosai" aka ba shi, sunan ya faɗo daidai kan abin da yake tunani. Ba a roƙe shi ya bi idon kowa ba, babban ne ya bi hankalinsa.

Matakai shida, da inda ake ɓata su

Kafin a taɓa kati sai an gano abin da yaron ke so da gaske, ba abin da ake zaton yana so ba. A jera abubuwa biyu-biyu a gabansa, a lura da wanda yake kai wa hannu, da wanda yake kuka idan an karɓe. A tara aƙalla biyar zuwa takwas, kuma kada duka su zama abinci: kumfar sabulu da ake hurawa, lilo, motar wasa, cakulkuli, kallon waya na daƙiƙa 20 zuwa 30. Abincin a gutsuttsura shi, biskit ɗaya ya fita kashi takwas, don kada ya ƙoshi bayan roƙo uku. A guji gyaɗa da alewa mai tauri ga ƙananan yara saboda shaƙewa.

Matakin farko mutum biyu yake buƙata, kuma shi ne ginshiƙin komai. Ɗaya yana gaban yaro riƙe da abin da yake so, bai ce uffan ba. Ɗayan yana bayansa, shi ma shiru. Kati ɗaya tak a tsakani. Ana jira har yaron ya kai hannu ga abin da kansa. Sai na baya ya karkatar da hannun zuwa katin, ya taimaka masa ya ɗauka, ya miƙa, ya saki a tafin na gaba. Na gaba ya ambaci sunan abin ya ba shi nan take, tsarin ya ce cikin rabin daƙiƙa. Daga nan na baya ya riƙa janye taimakonsa daga ƙarshe zuwa farko: ya fara barin yaron ya saki katin da kansa, sannan miƙawa, sannan ɗauka.

Kurakuran wannan mataki sanannu ne, kuma kusan duk daga baki suke fitowa. Uwa ta ga yaro ya yi shiru sai ta ce "ba ni katin", ko "me kake so, Baba?" Yaron sai ya koyi jiran wannan maganar, ranar da ba a tambaye shi ba kuwa ba zai motsa ba. An koya masa amsawa ke nan, alhali abin da aka fito nema shi ne ya fara da kansa. Haka idan na gaba ya buɗe tafinsa tun kafin yaro ya kai hannu, tafin ya zama umarni. Haka idan mutum ɗaya ya haɗa aikin biyu. Sai jinkiri: yaro ya miƙa kati, a tashi a tafi kicin ɗauko abin. Kafin a dawo alaƙar kati da abu ta tsinke, sunan da aka ambata ma ya tafi a banza. Ana son a samu damar musaya 30 zuwa 40 a wuni, a warwatse cikin harkokin gida, ba a zama ɗaya ba.

Gidan yawa yana da amfani a nan, don ba a rasa mutum na biyu, kuma yaro yana samun masu karɓar kati daban-daban tun da wuri. Illarsa kuma ita ce yayye da kakanni da suka saba gane bukatar yaron kafin ya nema. Idan kofin kunu yana isowa hannunsa da zarar ya kalli randa, kati ba shi da aiki. Sai an zauna da mutanen gida an yi magana.

Mataki na biyu nisa ne da naci. Mai karɓa ya riƙa matsawa baya taku-taku har ya koma wani ɗaki, ya juya baya, ya yi kamar yana wani aiki, yaron ya biyo shi ya taɓa shi. Littafin ma a riƙa nisanta shi. Mutane sukan tsallake wannan don ba ya kama da ci gaba, daga baya su yi mamakin yaron da ba ya amfani da kati sai a kan tabarmar darasi.

A mataki na uku ne yaro ke fara kallon hoton da gaske. Kafin nan kowane kati tikiti ne kawai a wurinsa. Ana sa kati biyu, na abin da yake so da na abin da bai damu da shi ba, misali biskit da safa. Idan ya miƙa na safa, safa za a ba shi. Da ya ture, sai gyara mai hawa huɗu: a nuna masa katin da ya dace, a taimaka ya miƙa shi a yabe shi amma ba a ba da biskit ɗin ba tukuna, a juya hankalinsa da wani ɗan aiki da ya iya kamar tafi, sannan a sake nuna biskit a bar shi ya zaɓa da kansa. Hawa na uku shi ake yawan mantawa, kuma in babu shi yaro yana koyon "ɗauki wancan idan na farko bai yi ba" ne kawai. A riƙa sauya wa katunan wuri, don akwai yaran da ke haddace dama ko hagu. Idan an kai ga abubuwa biyu da duk yake so, a gwada shi: ya miƙa kati, a ce "ɗauka", a ga ko hannunsa zai je kan abin da ke hoton.

Mataki na huɗu shi ne jimla. Katin "Ina son" yana hagun fallen, yaro ya manna hoton abu a damansa, ya cire fallen ya miƙa. Babba ya juyo da fallen gabansa ya karanta yana nunawa da yatsa. Idan yaro ya saba, sai a ce "Ina son…" a yi shiru na daƙiƙa 3 zuwa 5. Yara da dama da suka fara furuci a PECS a wannan ɗan shirun suke farawa. Idan ya furta wani abu, ko "sai" ne a madadin ƙosai, a ba shi kaso mai tsoka. Idan bai furta ba, a ƙarasa masa kalmar a ba shi abinsa. Riƙe abu har sai yaro ya yi magana karya alƙawarin katin ne, kuma yaro yana ganewa da wuri.

Na biyar amsa tambayar "me kake so?" ne, na shida kuma sharhi, wato "na ga", "na ji". Na biyar ba ya ba da wahala. Na shida yara da yawa ba sa kaiwa, domin ladan sharhi hira ce kawai, ba biskit ba.

Me bincike ya nuna game da magana

Bondy da Frost sun ba da rahoto a 1994 cewa cikin yara 66 da suka yi fiye da shekara da tsarin, 39 sun koma magana da baki kaɗai. Adadin yana da daɗin ji, sai dai babu rukunin da aka kwatanta su da shi, kuma masu kayan ne suka ƙirga. Gwajin da ya fi tsauri shi ne na Patricia Howlin da abokan aikinta a makarantun Ingila, wanda ya fito a 2007, da yara 84. Malamai sun sami horon kwana biyu da ziyarar masu ba da shawara na kimanin wata biyar. Yaran sun ƙara yawan fara sadarwa da kansu da amfani da katuna, amma maganar baki ba ta ƙaru ba, kuma a rukunin da aka sake dubawa bayan an daina ziyara, ci gaban bai ɗore ba. Nazarin da Michelle Flippin ta jagoranta a 2010, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya kai ga kusan wannan matsaya: riba a sadarwa, ƙaramar riba ko babu a magana. A gefe guda, Laura Schreibman da Aubyn Stahmer sun kwatanta PECS da wani tsarin da ke koyar da magana kai tsaye, a kan yara 39 'yan shekara biyu zuwa huɗu, a 2014. Duka rukunan biyu sun ƙaru da kalmomin baki kusan 80 cikin wata shida, babu wanda ya fi wani.

Saboda haka tsoron da iyaye ke yi cewa hoto zai sa yaro ya yi kasalar magana ba shi da tushe. Amma duk wanda ya ce littafin nan zai buɗe bakin yaro ya faɗi abin da ba a tabbatar ba.

Gibin da sai an cike da hannu

Babban rauninsa wajen koyon kalma shi ne hoto ba abu ba ne. Melissa Allen Preissler ta nuna a 2008 cewa idan aka koya wa yara masu otizim marasa magana sosai suna a kan hoto, sannan aka ajiye hoton da ainihin abin aka ce su nuna, da yawa hoton kaɗai suke nunawa. Ƙananan yara marasa lalura kuwa ainihin abin suke kai wa hannu. Aikin da ta yi daga baya tare da Calum Hartley a Jami'ar Lancaster ya nuna hoto mai launi ya fi zanen baƙi da fari taimaka musu su kai sunan ga abu. Abin yi a fili yake: a ɗauki hoton ainihin kofin yaron da waya, a kan farin ƙyalle, babu komai a bayansa. Bayan ya kama, a kawo kofi na roba, na silba, ja, shuɗi, duk da kati guda, don kada kalmar ta maƙale a kan kofi ɗaya.

Wannan ma shi ya sa ba mu ga dalilin sayen katunan kamfanin ba. An zana su don yaron Amurka da abincinsa da kayan wasansa. Yaron Kano ko Maraɗi yana buƙatar ƙosai, kunu, fura, awara, buta, tabarma, Keke Napep. Shagon hoto zai buga, shagon kwafi ya yi laminatin, Velcro kuma ana samu wurin masu sayar da kayan ɗinki. A bar gefen roba kamar milimita 3 lokacin yankewa, in ba haka ba yawu da ruwa za su shiga katin ya buɗe. A zagaye kusurwoyi. Ɓangaren Velcro mai laushi a bayan kati, mai kaushi a jikin littafi, ko akasin haka, muddin gida da makaranta sun bi tsari ɗaya. Ƙurar hunturu tana cika mai kaushin har ya daina kamawa, tsohon burushin haƙori yana fitar da ita. Kowane kati a buga biyu ko uku, domin ƙanne suna kwashe su wasa.

Jimlar ma sai an daidaita ta da Hausa. "Ina son" yana tafiya da suna, don haka katunan aiki a karanta su "fita", "wanka", "lilo". Sifa kuma ta fi sauƙi a bayan suna, "kofi ja", "mota babba", don kada a shiga rikicin "jan kofi" da "jar mota" tun yaro bai tsaya da ƙafarsa ba. Gidan da ake Hausa, makaranta kuma Turanci ko Faransanci, kati ɗaya ya isa, kowa ya karanta da harshensa. Bincike bai nuna harsuna biyu suna ƙara wa yaro mai otizim jinkiri ba, hana uwa yi wa ɗanta Hausa kuwa rage masa kalmomin da yake ji ne.

Gibi na biyu shi ne irin kalmomin da ke shiga littafin. Tsarin ya ginu a kan roƙo, don haka littafin yakan cika da sunayen abinci da kayan wasa. Kalmomin da ke riƙe da zance, irin su ƙara, a'a, tafi, buɗe, taimaka, zafi, sukan zo a makare ko su ƙi zuwa. Yaron da ke da katin abinci 40 amma ba shi da hanyar cewa cikinsa na ciwo bai samu abin da ya fi buƙata ba. Muna ba da shawarar a manna allo ɗaya na irin waɗannan kalmomi a bango, manya su riƙa nuna su suna faɗi cikin harkar yau da kullum, ba tare da neman yaro ya maimaita ba.

Na uku shi ne yawan ji. Holly Storkel ta Jami'ar Kansas ta gwada karanta littattafan labari da yara masu matsalar harshe 'yan shekara biyar zuwa shida, da jin kowace kalma sau 12, 24, 36 ko 48, ta samu cewa sau 36 ne ya fi dacewa. Laurence Leonard na Jami'ar Purdue kuma ya nuna kalma ta fi zama idan an sa yaro ya tuno ta bayan an ɗan ratsa da wasu kalmomi, maimakon a yi ta nanata masa a jere. PECS ba ya ƙirga wannan. Sai mai koyarwa ya zaɓi kalma uku zuwa biyar a mako, ya tabbatar kowacce ta fito a wurare daban-daban, da safe da yamma, kuma ya dawo da ta makon jiya.

Akwai kuma sukar da wasu manya masu otizim da wasu masu gyaran magana ke yi, kuma tana da nauyi: kama hannun yaro da riƙe abin da yake so har sai ya yi abin da ake nema. Yaron da ba ya son a taɓa shi, matakin farko zai iya zama masa azaba. Idan yana janye hannu yana kuka, a tsaya. Ruwan sha, abincin yini da rarrashi ba a sa su cikin ciniki.

Wanda ya fi cin moriyar PECS shi ne yaro daga kusan shekara biyu zuwa sama wanda ba ya magana ko kalmominsa kaɗan ne, yana da abubuwan da yake so ƙwarai, amma hanyarsa ta nema ita ce kuka ko jan hannun babba. Yaro mai matsalar harshe da ke haɗa jimla ba ya buƙatarsa, karatun labari da maimaici mai tazara sun fi masa. Kafin a kashe ko sisi, a auna jin yaron, domin ciwon kunne mai ruwa da raunin ji suna kama da jinkirin harshe. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne na asibitocin koyarwa suna wannan gwaji. Idan kuɗin ba zai kai ga kaya da horo duka ba, a sa shi a horo, ko a nemi malamin da ya yi horon ya zauna da mutum biyu na gidan har su iya matakin farko. A ajiye takarda a riƙa rubuta musaya nawa yaro ya yi da kansa cikin goma, kada a wuce mataki sai ya kai takwas ko tara da mutane daban-daban a wurare daban-daban. Idan littafin ya yi kaurin da yaro ke ɓata lokaci yana neman kati, ko ya fara haɗa hotuna uku da huɗu, lokacin komawa manhajar waya mai furta magana ya yi, irin su Proloquo2Go ko Cboard, amma a bar littafin a rataye don ranar da babu caji.